Kofin Shayi Biyu a Gidan Masu Allura

Inna Rong,

Ki taimake ni da shawara. Garinmu ƙarami ne, idan na faɗa wa mutum ɗaya wannan magana a bakin gada za ta riga ni isa gida, shi ya sa na rubuto miki. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Abin ya faro ne wata rana a bara, ana irin yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sai dai ya sa shi tunani. Ina zaune a bencin masu jira a ɗakin maganin surukina, ina karatu. Ni tun ina yarinya ba abin da nake so kamar gajerun littattafan soyayya, waɗanda ake gamawa a zama ɗaya a wuni ana jin su a ƙirji. Na juya shafi ke nan sai na ji mutum tsaye a kaina. Baba ne, surukin nawa. Ya ce in sake juya shafin ya gani. Na ɗauka faɗa zai yi, na juya a tsorace. Ya ce in ƙara. Sai ya girgiza kai ya ce, "Takarda sirirya haka, kin ɗaga guda ɗaya ba ki lashi yatsa ba, ko ƙara ba ta yi ba. Yatsu irin waɗannan ake ɓatawa a kan ƙaryar marubuta!" Ya koma ciki ya bar ni da littafi a buɗe. Ranar ban ƙara gane ko layi ɗaya ba.

Bari in koma baya kaɗan, don na san ina da saurin tsallake shafi.

Gidan Lou, gidan da na yi aure, masu allura ne tun kakanni, irin maganin gargajiyar nan da ake tsira siraran allurai a jiki. Mijina Bowen shi kaɗai ne ɗa namiji, mutumin kirki ne, amma idan ya ga allura ta shiga fata sai duniya ta juya masa. An ce yana yaro aka fara koya masa, ya faɗi sumamme a kan kwandon ganyen magani, har yau yayarsa tana kiransa Jarumin Kwando. Yanzu taswirar gine-gine yake zanawa a birni, yana dawowa ƙarshen mako.

Da farko ni majinyaciyar Baba ce kawai. Bayan bikinmu na kamu da ciwon kai wanda ya ƙi tafiya. Na je asibiti a birni, suka ɗauki hoton kaina, suka ce ba su ga komai ba. Baba ya zaunar da ni, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ya yi shiru kamar mai sauraron magana ta bayan bango. Ya duba harshena. Ya tambaye ni abin da nake marmarin ci, ko ƙafafuna suna sanyi, ko ina yawan ajiyar zuciya, da irin mafarkin da nake yi. Na ji kunya, amma na gaya masa kullum ina mafarkin madafar mahaifiyata can arewa, ina jin ƙamshin girkinta, ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa. Ya tsira mini allurai a ƙafa da bayan hannu, ko ɗaya bai kai kaina ba. Na ce, Baba, ai kan ne ke ciwo. Ya ce, "Na ji. Kan ne ya yi ihu, amma ba shi aka taka ba. Kwanta."

Inna, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ina kwance, hayaƙin ganyen da yake ƙonawa mai ƙamshin tazargade yana tashi a hankali, sai na ji jikina ya zama garinmu: magudanan ruwa ko'ina, ƙananan gadoji, da wani kwalekwale da ya daɗe a maƙale a kwana, aka zo aka ture shi da sanda ya wuce. Na yi kuka har kunnuwana suka cika da hawaye. Da na tashi ya ce in daina shan abin sanyi, in riƙa takawa bakin ruwa da safe, kuma in kira mahaifiyata in gaya mata gaskiya cewa ina kewarta, in daina ce mata komai lafiya. Ya ce wannan ma cikin maganin yake, in na bar shi allurarsa ta yi aikin banza. Ciwon ya yi sauƙi a hankali har na manta da shi.

To bayan ranar da ya ga yatsuna, sai ya ba ni ƙunshin takardu da aka ninke aka ɗaure da zare, da allura ɗaya, ya ce in yi ta sokawa har sai ta daina lanƙwasa. Daga nan curin auduga. Daga nan ƙafata, domin a gidan nan ba wanda ke taɓa jikin wani da allura sai ya fara ɗanɗana ta a nasa, duk inda hannunsa zai kai. Ranar da na fara dacewa, a ƙasan gwiwata, na ji kamar wani ya riƙe allurar daga ciki ya ɗan ja ta, kamar ana amsa mini gaisuwa. Na karanta littattafai da yawa inda jaruma ke gane ƙaddararta a daƙiƙa ɗaya, ban taɓa zaton tawa za ta same ni da wando a naɗe ba. Tun daga lokacin idan na ga mutane a kasuwa sai in riƙa ganin hanyoyin ruwansu, wannan ya toshe a kafaɗa, waccan tana ɗauke da wani fushi tun na shekarun baya a ƙarƙashin haƙarƙari. Wani lokaci mai sayar da kifi sai ta taɓa ni ta ce, "Amarya, kifin kike so ko kallona kika zo?"

Yanzu ga inda matsalar take. A gidan Lou ana ba da ilimin ga ɗa, ko ga matar ɗa. Ba a ba 'ya mace, don za ta tafi da shi gidan wani suna. Akwai wani murɗin allura na ƙarshe da ba a rubuta shi ko'ina ba, sai malami ya ɗora hannunsa a kan na ɗalibi, a kan ƙafar malamin kansa, sannan ake koyonsa. Kafin nan ɗalibi zai durƙusa gaban hotunan magabata, ya miƙa wa malami shayi, ya yi alkawarin ba zai fitar da shi daga sunan gidan ba. Baba ya ce in shirya shayina ranar bikin tsakiyar kaka, a gaban dangi. Na san dalilin gaggawarsa. Da safe idan ya ɗauki tsinken cin abinci hannunsa yana ɗan rawa, sai ya ajiye ya ce shinkafar ce ta yi zafi.

Ga kuma Yaya Shufen, yayar mijina. Tana aure a tsallaken gada, ita da mijinta suna da shagon taliya. Tun rasuwar mahaifiyarsu kullum sai ta shigo da sassafe ta share ɗakin maganin, ta jera kofunan ƙaho, ta shanya ganye, kafin ta tafi ta hura wutarta. Ita ce ta fara sa ni dariya a gidan nan. Gimbiyar Littafi take ce mini. Takan leƙo madafa ta ce, "Gimbiya, miyarki ta ƙone, amma kar ki damu, gama babin tukuna, mu ma mun fi son sanin ko ya dawo mata." Lokacin da nake ciwon kai ita ke kawo mini romo, ta zauna a bakin gado ta ce in ba ta labarin da na karanta, tana zagin samarin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Ban gaya mata ina koyo ba. Ba ɓoyewa na yi niyya ba, kullum nakan ce gobe. Wata safiya muna wanke kabeji a tsakar gida na naɗe wandona, ta ga ɗigo-ɗigon tabo a ƙwaurina. Ta daɗe tana kallo. Sai ta yi dariya ta ce, "Ashe Gimbiya ta fara ɗinki. Wannan na ƙasan kin sauka da yawa, shi ya sa ya yi shuɗi." Na ce yaya aka yi ta sani. Ta ce ita ma tana yarinya ta sossoke duk lemukan gidan nan har da ƙafafunta biyu, a ɓoye, da allurar da ta tsinta. Ta ce ranar da ta yi ƙarfin hali ta roƙi Baba, ya shafa kanta ya ce ita fa ta gidan wasu ce, ya saya mata alewa. "Alewar ma mai daɗi ce," in ji ta. Ta ɗauki kabejinta ta tsane ruwan, ta tafi.

Ba ta yi mini faɗa ba, Inna, da ma ta yi. Har yanzu tana kawo mana abinci, amma a bakin ƙofa take ratayewa. Ta daina ce mini Gimbiya, sunana take kira, cikin ladabi kamar baƙuwa. Ɗakin maganin tana share shi tun kafin in tashi. Nakan ji tsintsiyarta ta taga, in kwanta ina ƙirƙira maganganun da zan gaya mata, masu kyau irin na littafi, kafin in sa takalmi ta haye gada.

Na gaya wa Bowen. Ya ce, "Ke dai ki karɓa. Bayan ran tsoho ki koya wa Yaya, wa zai sani? Hotuna ne za su kai ƙara?" Na ce ba zan durƙusa gaban hotunan mahaifiyarsa da kakanninsa in yi alkawarin da na san zan karya ba. Ya ce to kar in karɓa. Na ce in ban karɓa ba abin ya mutu da Baba. Ya ce shi dai ya faɗi a kwando tun yana yaro, a ƙyale shi a can.

Ina son allurar nan. Ban taɓa son wani abu da ba a cikin takarda yake ba kamar yadda nake son ta. Amma duk lokacin da na ɗauke ta sai in ga yarinya ƙarama a bayan ƙofa da lemo a hannu. Wani lokaci nakan yi mafarkin ido biyu: wata ya cika, an jera wainar biki, ƙamshin furanni ya cika tsakar gida, ni da Yaya Shufen a durƙushe, Baba yana hawaye yana karɓar kofi daga kowane hannu. Wani lokaci kuma mafarkin yakan juye, ya tashi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, in rasa shi, in rasa ta, in rasa allurar.

Ban gaya wa kowa ba, amma na yanke shawara. Ranar bikin zan dafa shayin, zan zuba kofi biyu, in miƙa wa Yaya Shufen ɗaya a gaban kowa. Idan Baba bai karɓi nata ba, ba zan ba shi nawa ba.

Taki,
Mai Juya Shafi

*

'Yata Mai Juya Shafi,

Zuciyarki tana wuri mai kyau. Shirinki ne nake so mu gyara, don na ga marubuciya ta shiga cikinsa ta jera wata da furanni da 'yan kallo.

Ki fara da wadda kika tsallake. Kin rubuto mini wasiƙa mai tsawo a kan Shufen, amma ban ga inda kika tambaye ta abin da take so ba. Yarinyar da kike gani a bayan ƙofa ta girma, tana da shago da miji da shekarunta. Wataƙila har yanzu tana son allurar kamar ranar farko. Wataƙila kuma ta daɗe da haƙura, abin da ya ƙona mata rai shi ne ƙanwar da take kai wa romo ta yi watanni tana ɓoye mata ƙafa. In kika miƙa mata kofi a gaban dangi ba da saninta ba, kin sa ta sake roƙon mahaifinta a bainar jama'a, kuma idan ya ƙi, ita za a ƙi karo na biyu, ke kina gefe. Ki haye gadar nan a wannan makon, lokacin da shago ya yi sauƙi. Kada ki shirya jawabi. Ki ce mata kin yi kuskure da ba ki gaya mata ba, kina kewarta, sannan ki tambaye ta, ki yi shiru ki ji amsa ko da ba wadda kike so ba ce.

Sai surukinki. Kada ki mayar da shi mugun tsohon littafi. Dokar da yake riƙe da ita ba shi ya ƙirƙira ba, an yi ta ne a zamanin da sana'ar nan ita ce tukunyar gida, in ta fita wani gida sai naku ya kwana da yunwa. Shi ma ya durƙusa ya yi wannan alkawari ga mahaifinsa, kuma a ganinsa amana yake tsarewa. Ni ina ganin dokar ta tsufa, ta kuma cuci 'yarsa, amma mutumin da hannunsa ya fara rawa, yana tsoron abin kakanninsa ya ƙare a kansa, ba a gaban 'yan'uwansa ake tilasta masa ba. In kika yi haka, ko zuciyarsa ta so, girmansa ba zai bari ba.

Ki same shi shi kaɗai a ɗakin magani, inda ya fi kowa sauraro. Ki yi masa magana da harshen da ya koya miki. Shi ne ya ƙi tsira miki allura sai da ya tambayi mafarkinki. Ki gaya masa akwai ciwo a gidan: abinci ya koma ratayuwa a bakin ƙofa, dariya ta ɗauke daga madafa, ke kuma hannunki ya daina sakewa a kan allura. Ki tambaye shi a ina yake ganin abin ya toshe. Ina kyautata zaton ya riga ki sani, mai jin abin da ke wuyan hannun baƙo ba zai kasa jin tsintsiyar 'yarsa da asuba ba. Ki gaya masa a fili kuma cikin ladabi cewa kina son ilimin da dukan zuciyarki, za ki riƙe shi da mutunci, amma ba za ki iya yin alkawarin hana Shufen ba. Sannan ki ba shi lokaci. Tsofaffi sukan sauya ra'ayi idan an bar musu hanyar da za su ce su suka ga dama.

Kin yi daidai da kika ƙi shawarar mijinki. Alkawarin da aka yi da niyyar karyawa zai zauna miki a wuya duk ranar da kika ɗauki allura. Amma kada ki bar shi a kwandonsa. Yayarsa ce, mahaifinsa ne, kuma gadon da ake magana nasa ne tun asali. Idan shi da bakinsa ya ce wa Baba ya yarda a ba yayarsa kasonsa, wannan magana ta fi taki nauyi. Ki kuma ɗora masa aiki ɗaya da ba allura a ciki: ya raka mahaifinsa asibiti a duba rawar hannun nan, kamar yadda ke ma kika fara zuwa aka duba kanki. Masu allura na gari ba sa faɗa da wannan.

Idan Baba ya ƙi fa? Zai iya ƙi, ba zan ɓoye miki ba. To ba ki rasa komai da komai ba. Murɗi ɗaya ne na gidan Lou, sauran ilimin ana koyar da shi a makaranta ga mata da maza, kuma ko da ya ba ki, sai kin bi ta karatu da jarrabawa kin sami izini kafin ki taɓa majinyaci. Yatsunki naki ne. Ki dai sani aikin ba kullum ba ne kwalekwale da gadoji. Akwai ƙafafun tsofaffi, da masu ƙorafi, da waɗanda ba za su warke ba. Idan kin daina kallon mutane a kasuwa kina yanke musu ciwo, kika koyi tambayarsu kamar yadda Baba ya tambaye ki, za ki yi nisa.

Littattafanki kuwa kada ki bari kowa ya raba ki da su. Su suka koya miki damuwa da wanda aka bari a bayan ƙofa.

Ranar bikin ki dafa shayinki yadda kika yi niyya, ki wanke kofi na biyu ki ajiye shi kusa. Amma ki bari Baba ne zai ce a ɗauko.

Ina yi miki fatan hannu mai natsuwa, da ranar da za ki sake jin an ce miki Gimbiya daga bakin madafa.

Inna Rong